Kwantenar da Ke Can Sama

Ɗan koren ɗigon nan bai gusa ba yau kwana huɗu. Dogo ya sake latsa wayarsa, shafin bin sawun jiragen ruwa ya buɗe, amsar dai ita ce ta ɗazu: jirgin na tsaye a tsakiyar teku, ko motsi ba ya yi.

Shekara bakwai Dogo yana tuƙa motar ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, ya san tafiyar wannan jirgi kamar yunwar cikinsa. Kwana tara ce, ba ragi ba ƙari. A kan haka ya dogara ranar da ya loda wata kwantena da hannunsa, ya lallaɓa mai injin ƙugiya ya ɗora ta can sama inda iska ke kaɗawa. Abin da ke cikinta ba ya jure dogon zama. Yau kwana goma sha biyu ke nan.

Tsoro ya hana shi ci, ya hana shi sukuni. Mutumin da abokan aiki ke roƙo ya yi shiru saboda surutu, yau ko gaisuwa da ka yake amsawa. Innarsu ta kira shi sau huɗu, yana kallon wayar har ta katse.

Da rana ta take, shafin ya sauya. An goge sunan tashar da jirgin ya nufa, an rubuta wata, ranar isowa kuma ta koma nan da mako biyu. Dogo ya bar motar a kunne, ya haye bene zuwa ofishin kamfanin jirgin.

Akawun, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗago daga kwamfutarta.

"Injin jirgin ne ya lalace, za a jawo shi wata tasha," in ji ta. "To kai Dogo, me ya haɗa kifi da kaska? Yaushe ka zama attajiri?"

Ya karanto mata lambar kwantenar da ka. Ta duba takardun, ta yi dariya.

"Kujerun roba ne fa, ɗan nan. Ko shekara suka yi a ruwa ba sa tsami."

"Baba, ki taimake ni a kira kyaftin ɗin. A buɗe ta yanzu."

Dariyar ta tsaya. Ta cire tabarau ta dube shi da kyau.

"Ka san abin da kake nema? In aka karya hatimi aka ga wani abu daban, aikinka ya tafi, gidan yari kuma na jiranka."

"Na sani."

"To me ke ciki?"

Dogo ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Jarka biyu ta ruwa na saka wa ƙanena kafin in rufe, na ce masa kwana tara ne kacal."