Kirarin Maginiya a Bakin Dillali

Hajiya Lantana, mai sayar da dambun nama a Funtuwa, ta kai ƙorafi wajen Malam Isiyaku wanda ya haɗa mata shafinta na intanet. Ta ce ta ɓata lokaci ta tsara 'yan layukan nan na bayani da ake so su fito ƙarƙashin sunan shafi idan mutum ya yi bincike, amma injin binciken ya yi watsi da su, ya tsinto wata magana daga cikin shafin yana nuna wa jama'a. Malam bai yi mata musu ba, sai ya ba ta wannan misali.

An yi wata maginiyar tukwane a wata kasuwar ƙauye mai ci ranar Laraba. Hannunta na da kyau, wannan ko maƙiyinta ya sani. Randarta in an zuba mata ruwa da safe, kafin azahar sai haƙori ya amsa. A bakin kasuwar kuma akwai wani tsohon dillali wanda baƙi ke tambaya inda za su sami abin da suka zo nema. Kullum kafin kasuwa ta cika yakan zaga rumfa-rumfa, hannu a baya, ba ya saye ba ya tayawa, kallo kawai yake yi. Kowane mai rumfa yakan gaya masa abin da yake so a faɗa wa baƙi a kansa, shi kuwa tsoho ya ce to.

Maginiya ta ga hanya ta samu. Ta zauna ta shirya wa kanta kirari mai tsawo, ta fara da kakarta wadda tulunta ya yi suna har ƙetaren gulbi, ta gangaro kan mahaifiyarta, ta yabi yumɓun da take haƙowa, sai can a wutsiya ta ambaci randuna. Ta biya wa dillali har ya haddace, ta koma rumfa zuciyarta fes. Su kuwa randunan, don tsoron awaki da masu taɓe-taɓe, ta jere su a ƙuryar rumfa ta lulluɓe da tsofaffin tabarmi. A gaba ta baza tarkace: asusu, kaskon turare da kaskon ruwan kaji. A ganinta tun da magana na bakin dillali, aiki ya ƙare. Abin da ba ta sani ba shi ne, in baƙo ya neme ta da suna, dillali kan fara kirarin, amma mai sauri ba ya tsayawa, tun ana kan kaka ya yi gaba. In kuwa kaya baƙo ya tambaya, tsoho kan ajiye kirari ya faɗi abin da idonsa ya gani a zagayensa na safe.

Bazara ta yi bazara, azumi ya matso. Duk aikin ranin maginiya yana ƙarƙashin tabarmin nan, kuma ta san da zarar ruwa ya sauka kasuwar randa ta mutu sai baɗi. Ran nan sai ga wani mutum daga birni da a-kori-kura, an aiko shi ya saya wa masallatan unguwarsu randuna, duk iyakar abin da ya samu. Ya tsaya wajen dillali ya tambaya. Tsoho ya nuna masa rumfar maƙwabcin maginiya, wani magini da bai kama ƙafarta a gwaninta ba, wanda abin da ya ce a faɗa a kansa bai wuce "randuna da tuluna, ga su a fili" ba, kuma a filin suke. Baƙo ya nuna rumfar maginiya ya ce waccan fa? Dillali ya ce shi dai asusu ya gani can da kaskon kaji. Tana zaune tana kallo aka yi ta lodin randunan maƙwabci ana cusa ciyawa a tsakaninsu, ba ta san me ya faru ba sai da mota ta tashi aka ba ta labari. Baƙin ciki ya kama ta, ta tafi bakin kasuwa ko mayafi ba ta gyara ba.

Ta ce, "Baba, ina kirarin da na ba ka?"

Ya ce, "Yana nan, 'yata. Amma randa mutumin ya tambaya, ba kakarki ba. In na tura shi inda ban ga randa ba, gobe wa zai sake tambayata?"

Da Laraba ta zagayo, maginiya ta yaye tabarmi, ta fito da randuna gaba reras, ta ce wa dillali ya riƙa cewa randa mai sanyi kawai. Sai dai a cikin makon ruwan farko ya sauka. A wannan shekara randunan da ta gina wa masu azumi a ƙarƙashin indararon gidanta suka ƙare, suna tarar ruwan sama.

Malam Isiyaku ya ce wa Hajiya injin nan halin dillali gare shi, mai tambaya yake yi wa aiki, ba mai rumfa ba. Ta gajarta bayaninta, ta sa dambu a farkon magana, kuma duk abin da ta faɗa a same shi a fili cikin shafin. Ko ta yi hakan, wata rana zai ajiye nata ya faɗi abin da ya gani, don haka ta gyara abin da zai gani ɗin. Hausawa dai sun ce, gani ya kori ji.