Dogon da Ke Tsayawa Bayan Kowa

Ke da kike cika baki wai tun da kika shiga karatun likita ba ki taɓa fashi ba, ajiye wayar nan ki saurara.

An yi wani saurayi dogo a makarantar koyon likitanci, mai kwanya, mai tsafta. Ko ana ruwa da ƙanƙara shi ne farkon isa asibiti, farar rigarsa a goge, in an kira suna kafin a rufe baki ya amsa. Aibinsa ɗaya: ba ya jure a kunyata shi. Malaminsu na ɗakin yara kuwa dattijo ne mai kaifin harshe, duk wanda ya matso bakin gado sai ya jefa masa tambaya, in ya kuskure a yi masa dariya a gaban iyayen yara. Sai dogon ya samo dabara. Da an kewaye gado sai ya ja da baya, ya tsaya bayan kowa yana hange ta saman kawuna, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya riƙe da biro. Har abokansa suka laƙaba masa suna Falwaya.

Wata bazara aka cika ɗakin da yara masu sanƙarau. Dattijon ya sa kowane ɗalibi ya tura tafinsa ƙarƙashin ƙeyar yaro, ya ɗaga a hankali, ya ji yadda wuya ke ƙin lanƙwasa. Sannan ya matsa gado na gaba ya ɗaga kan wanda zazzaɓi ne kawai da rigima ke damunsa, ya ji bambanci. Kowa ya taɓa, ban da mutum ɗaya.

"Kai Falwaya, hannun naka na aro ne?"

"Ina gani sarai daga nan, ranka ya daɗe."

"To, Allah ya ba idonka yatsu," in ji dattijon, ya wuce abinsa. Gadaje na jiransa, ba zai tsaya lallashin ƙato ba.

Dogon ya gama karatu lafiya, don a takarda babu mai kamo ƙafarsa, a baki ma zuba yake kamar famfo. Aka tura shi wani ƙaramin gari, asibiti mai likita ɗaya, inda babu bayan kowa da zai laɓe. A bakin ƙofar asibitin akwai wata mata mai suyar ƙosai, da 'yarta ƙarama Tasalla, yarinya mai surutu kamar kanari, wadda kullum ta hango shi sai ta rera masa waƙar gaɗa tana tafi. Ran nan uwar ta shigo da ita a kafaɗa, jiki kamar garwashi, tana amai tana kuka. Abin da ke littafi ya faɗo masa tsaf. Ya tura tafinsa ƙarƙashin ƙeyarta ya ɗaga. Yarinya ta ƙwalla ƙara ta ƙanƙame jiki. Ya tsaya da kanta a hannunsa yana tambayar tafinsa: wannan shi ne taurin wuyan sanƙarau, ko kuwa zafin ciwo ne da tsoron allura? Tafin bai ce komai ba. Me zai ce, tunda bai taɓa riƙe wannan ba, bai taɓa riƙe wancan ba?

Waya na aljihunsa, abokan karatunsa na nan da ransu, amma ya tuno dariyar da za a yi in aka ji Falwaya bai san wuyan sanƙarau ba. Aka ɗebi jini, gwaji ya nuna ɗan zazzaɓin cizon sauro, irin wanda rabin yaran garin ke yawo da shi a jiki. Ya kama wannan hannu bibbiyu, ya rubuta magani, ya ce su je gida, za ta warware.

Da aka dawo da ita, bayanta ya lanƙwashe kamar baka, ko makaho ya shafa ya san mene ne. A nan ya yi aiki, ba za a ɗauki alhakinsa ba. Ya ba da allurar da ta dace, ya tare a bakin gadonta ba ci ba sha, har Allah ya sa ta tashi. Sai dai ciwon ya riga ya wuce da kunnuwanta.

Har yau yana garin. Kowace safiya ta bakin kaskon yake bi, uwar ta ƙunsa masa ƙosai mai zafi ta miƙa da hannu biyu tana cewa, "Likita, ba don Allah ya kawo mana kai ba, da tuni mun binne ta." Tasalla na zaune gefe, ta ba hanya baya, tana wasa da murfin kwalba. Yakan kira sunanta, ko da za a dace. Ba ta waiwaye. Ya karɓi ƙunshin ya shige ofis, ƙosan ya huce a kan tebur.

Mutumin nan ko rana ɗaya bai taɓa fashin makaranta ba. Saboda haka gobe in an kewaye gado, ki kutsa ki sa hannu, in za a yi miki dariya a yi, dariya ba ta toshe kunnen ɗan kowa. Hausawa suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.