Takardu Uku Masu Jan Biro

Ɗan'uwa, tunda ka ce za ka cire wata takarda kafin mai saye ya zo, zauna tukuna ka ji wannan misali.

An yi wani mutum mai kai madara gari. Shekara tara yana bin hanya ɗaya a kan tsohon baburinsa, har zazzaɓin damina ya kwantar da shi, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa. Babur ya yi wata uku a zaure, kaji na hawa kansa. Ƙanensa ko kallonsa ba ya iya yi, don inda yayan yake zama a kan sit ya lotsa, kamar yanzu ya sauka zai dawo. Da gida ya yanke shawarar a sayar, ƙanen ya ɗaga sit, ya tarar da wata leda an ɗaure ta da kyauro. Takardun duba lafiyar babur ne a ciki, kowace shekara da tata, tara cif. Shida fes suke, hatimi da sa hannu kawai. Uku kuwa jan biro ya ratsa su: ɗaya birki, ɗaya taya, ɗaya fitila. Karatunsa bai yi nisa ba, amma ya san jan biro tun yana aji huɗu, ya san ba yabo ba ne. Ya ce a ransa ba zai bari baƙo ya ga inda aka kayar da yayansa ba, ga shi yana kwance ba shi da bakin kare kansa. Ya zare ukun, ya ninke, ya cusa a aljihu.

Da hantsi mai saye ya zo, wani dattijo mai haƙar rijiya, wanda ba ya sauka rami sai ya bi igiyarsa da hannu daga farko har ƙarshe. Bai kalli fenti ba, bai ce a tayar ba. Takardu ya nema. Ya sa tabarau, ya jera su a kan tabarma shekara bi shekara kamar mai shuka, sai ga gurbi uku babu iri. Ya ce shi dai bai taɓa ganin babur ya tsallake shekara haka kawai ba: ko dai ya kwanta bayan haɗari, ko mai shi ya yi ta bin hanya ba a duba ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki takalmansa, ya ce, "Allah ya jiƙan mai shi, amma da alama ya yi wasa da ransa da na mutane."

Maganar ta sauka wa ƙanen a ƙirji. Yayansa ake nufi, mutumin da yake goge babur kafin ya karya kumallo. Sunan da ya so ya rufa wa asiri, da hannunsa ya shafa masa baƙi. Ya ciro takardun nan uku, ya ajiye kowace a gurbinta, kansa a ƙasa. Dattijo ya karanta har ƙasan kowace takarda, inda idon ƙanen bai taɓa kaiwa ba. Ƙarƙashin jan biron akwai hatimi na biyu. An kayar da birki ranar Litinin, Alhamis yayan ya dawo da shi a gyare. Taya kwana biyu. Fitila kuwa washegari. Dattijo ya tsuguna, ya matsa birki ya ji ya kama, ya bi taya da tafin hannu, ya kunna fitila da rana tsaka. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, shidan nan labarin babur suke bayarwa. Ukun da ka ɓoye su ne labarin yayanka. Aibi bai taɓa kwana huɗu a hannunsa ba. Na yi masa mugun zato, ka yafe mini a madadinsa."

Ya sayi babur ba tare da jan magana ba, ya ce a haɗa masa taran duka a ledarsu, masu jan biron a sama. Ƙanen ya tsaya a ƙofar zaure yana jin ƙarar nan da ya sani tana nisa, har ta sha kwanar kasuwa. Ranar ce ta farko tun rasuwar yayansa da ya bi babur ɗin da kallo bai sunkuyar da kai ba.

To, ka mayar da taka takardar cikin 'yan'uwanta. Ba a banza masu magana suka ce ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.