Lauya a Gaban Makara

Tun da aka kafa dokar cewa ba a binne mutum sai akwatin hukumar haraji ya sallame shi, lauya ya shiga kayan jana'iza kamar likkafani.

Ranar da ƙanena Tanimu ya rasu, na ɗauko Barista Gambo tun kafin mai wanka. Ya tara mu a zaure ya ce, "Baba, ku bar ni da shi. Ko me kuka ji, kada wanda ya amsa."

Aka ajiye makara a ƙofar gida, akwatin a wajen kanta. Liman ya yi tambayar da aka saba: "Akwai mai bin mamaci bashi?"

"Akwai," in ji akwatin, da muryar Tanimu sak, har da tarin nan nasa.

Barista ya shiga jawo dokoki, rana tana dukan gawa. Muryar ta ce, "Sadisu, zafi nake ji."

Sadisu ne babban ɗan Tanimu, kuma ya sami tarbiyya. Ya miƙe ya yi abin da iyaye suka koyar: "Bashin mahaifina yana wuyana. A binne shi."

Barista ya dafe kai. "Haba Sadisu! Saura kaɗan in kayar da su."

Muka kai Tanimu makwancinsa. Da muka dawo, akwatin ya yi mana sannu, amma da muryar Sadisu. Shi kuwa yana tsaye kusa da ni, yana motsa baki, babu abin da ke fita.