Karfasan Amang Basuni

Kifi ya sake raguwa. Amang Basuni, wato Kawu Basuni a yarenmu, ya watsa abinci a tafkin kamfani, ya jira, waɗanda suka taso ba su kai rabin na makon jiya ba. 

Tun da aka daina haƙar kwal a bayan garinmu, kamfani ya sallami kowa ban da shi. Aikinsa bai taka kara ya karya ba: zuba farar ƙasa a ruwan da ke fitowa daga tsohon ramin don ta kashe tsaminsa kafin ya gangara kogi. Duk wata ma'aikatan hukuma kan zo su ɗebi ruwan a kwalba su tafi da shi birnin Banjarmasin, ba mai gaya masa abin da suka gani. Su ne kuma suka zuba karfasa a tafkin ƙarshe da ruwan ke bi kafin kogi, suka ce in kifin ya rayu ruwa ya gyaru. In ya mutu kuwa, ba sai an faɗa ba, mai zuba farar ƙasa ne zai rasa aiki da gidan da kamfani ya ba shi.

Basuni mutum ne mai tsoron Allah da tsoron manaja, kuma in za a faɗi gaskiya na biyun ya fi hana shi barci. Bai taɓa ganin mushen kifi ko ɗaya ba, amma ya riga ya yanke hukunci: ruwa ne ke kashe su, guza na cinye gawar. Ya ninka farar ƙasa. Ya kafa wa guza tarko. Ban da sallar Juma'a ba abin da ke ɗaga shi daga bakin tafkin, duk da haka kifi sai ƙarewa yake.

Wata Asabar ya ɗauki bokiti ya nufi kasuwa a ɓoye. Ya yi sa'a, Acil Jumantan, wato Goggo Jumantan, bazawarar nan da ke zaune bayan shingen kamfani, tana da karfasa masu rai a baho, girmansu ɗaya da nasa.

"Amang, kai da ko barkono ba ka iya daka ba, me za ka yi da kifi haka?"

"Baƙi na yi, Acil."

Ta ce to Allah ya ƙaro baƙi, ta yi masa ragi. Daga ranar ya zama ɗan gida. Duk Asabar yana zuwa, ita kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba, har ajiye masa take yi kada wani ya riga shi. Yakan koma ya juye kifin a tafki yana istigfari, zuciyarsa cike da godiya ga wannan baiwar Allah.

Ana nan sai ranar babban bincike ta zo, wanda daga shi ake rufe magana. Ibu Norhasanah, wato Madam Norhasanah, jami'ar hukumar, ta iso da mutanenta da raga, rabin gari ya biyo su kallo. Ta ciro wata 'yar na'ura daga jaka, ta yi wa manaja bayani tana murmushi. Wai a wasu wuraren masu gadi kan sayo kifin kasuwa su cika tafki, shi ya sa tun farko aka cusa wa kowane kifi ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata. In nasu ne na'urar za ta yi ƙara.

Basuni ya tuna da kifin kasuwar da ya yi ta juyewa a tafkin. Ya fara tunanin inda zai kai katifarsa.

Aka ciro na farko, na'ura ta yi ƙara. Na biyu ma haka. Aka yi ta cirowa tana ta ƙara har jami'ar ta gaji.

"Duk namu ne, kuma sun yi ƙiba," in ji ta. "Ruwan nan ya daɗe da gyaruwa. Sannu da ƙoƙari, Amang."

Manaja ya kama hannunsa yana girgizawa. Shi kuwa Basuni baki buɗe ya juya ya dubi taron, ya hango Acil Jumantan ta gyara mayafi tana sulalewa ta bayan mutane. Sai a lokacin lissafi ya zo masa: duk Juma'a yana masallaci take tsallako shinge ta kwashe masa kifi, ranar Asabar ta sayar masa da abinsa.