Ƙuri'ar Maman 'Yan Biyu

Maman 'Yan Biyu ce ta jera kujerun taron da hannunta, kamar kullum. Tun da aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar iyaye da malamai, ba a taɓa fara zama a makare ba, ba a kuma taɓa tashi ba a yanke magana ba.

Kafin zuwanta ƙungiyar suna ce kawai. A taru a sha lemo, a yi gulmar hedimasta, a watse. Ita ta raba iyaye kwamiti-kwamiti, ta ba kowa aikin da ya iya. Kafinta ya gyara bencina, mai kemis ya ɗauki nauyin akwatin magani, direbobi suka karɓi tsallakar da yara titi. Katanga ta tashi, famfo ya kawo ruwa. Har gurabe ta sa aka ware wa marayu su yi karatu kyauta, ranar buɗe shirin kuwa ta yi jawabin da ya sa mata share hawaye. Mijinta, babban ɗan kwangila, yakan ce shi minista ya aura.

Ta wannan shiri ne wata yarinya ta shigo a farkon zango, siririya, ba ta da kwaramniya. Kakarta ke kawo ta, wata tsohuwa mai ɗingishi da sai ta canza mota kafin su iso. Akwai makarantu kusa da gidansu, amma tsohuwar ta ce nan suke so. In an tashi tara yarinyar ba ta shiga wasa; takan tsaya jikin tagar ajin ƙananan yara, inda 'yan biyun shugabar suke, tana kallo.

Ashe tana da farfaɗiya. Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a kan layin taron safe, gaban kowa, tana kumfa. Yara suka tarwatse. Shugabar na wurin, ta zo duba aikin fenti. Ita ta ce a kwantar da ita ta gefe, kada a cusa mata cokali a baki, yanzu zai sake ta. Daga inda take tsaye ta faɗi hakan, ba ta matso ba. Kowa ya yaba da natsuwarta.

Daga ranar ƙorafi ya fara yawo a wayoyin iyaye. Ba wanda zai iya cewa ga inda ya taso. Sai dai duk uwar da ta kai wa shugabar damuwarta takan fito hankalinta ya fi tashi. Ba ta taɓa cewa ciwon ana ɗauka ba. Tambaya kawai take yi cikin taushin murya: wa zai ɗauki alhaki ranar da yarinyar ta faɗo daga bene ta ja ɗan wani?

Shi ya sa zauren ya cika maƙil a yau, za a yanke ko yarinyar ta ci gaba da karatu a nan ko ta tafi. Tsohuwar na bencin baya, jikarta a gefenta, kanta a sunkuye.

Malamar ajin yarinyar ce ta fara. Ta ce ba ta da ɗalibar da ta kai yarinyar lissafi, kuma tun da aka daidaita mata magani ba ta sake faɗuwa ba. Mai kemis ya miƙe ya rantse cewa ko kofi ɗaya aka sha ruwa da ita ba abin da zai faru. Wata uwa ta ce ita dai ɗanta ya daina cin abinci. Wani uba ya ce ba gidan jinya suka gina ba, aka yi dariya.

Da aka ba tsohuwar dama, ba ta roƙi kowa ba. Ta ce uban yarinyar ɗanta ne, ya rasu tana goye, ita ta raine ta. Wani ya ɗaga murya ya tambayi ina uwar take da za a bar wa tsohuwa wahala. Nan take shugabar ta buga tebur, ta ce ba a zo tonon asirin gidan kowa ba, a mutunta mutane. Aka tafa mata.

Aka kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu. Sakatare ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce an yi kunnen doki. A dokar ƙungiyar, wadda ita ta tsara, shugaba ce ke raba gardama.

Ido ya koma kanta. Har yarinyar ta ɗago kai, karo na farko tun da aka zauna, fuskarta ta ɗan saki kamar wadda ta hango sauƙi.

Maman 'Yan Biyu ta gyara tabarau. Ta ce shugabanci ba ya tafiya da son zuciya, ƙungiya ta dukkan yara ce, ba ta yarinya ɗaya ba. Ta ba da shawarar a nema mata makaranta kusa da gida, don lafiyarta. Sannan ta ɗaga hannu. Hedimasta, wanda ba ya iya ja da matar da ta yi masa katanga, ya gyaɗa kai.

Mutane suka fita suna cewa samun irinta sai an tona. Malamar ajin ta wuce ba sallama. Tsohuwar ta ja ƙafarta zuwa bakin get, ba ta waiwayo ba.

Shugabar na kulle ƙofar zauren, direba da 'yan biyunta na jiran ta a mota, sai ta ji motsi a bayanta. Yarinyar ce, rungume da jakarta. Ta duba dama, ta duba hagu, ta tabbatar ba kowa, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Mama, ban fa gaya wa kowa ke kika haife ni ba, kamar yadda kika ce."