Gogen da Ake Maƙalewa a Haɓa

Kai da kake kukan ɗanka ya bar hanyar gida, saurari wannan. An yi wani mai goge a wani gari na bakin gulbi, wanda ya gaji kiɗa kaka da kakanni. Babu gidan da bai san takensa ba. Ɗansa guda ne namiji, kuma tun yana ƙarami ya iya riƙon baka. Da ya girma sai ya shiga ƙungiyar kiɗan soja a birni, a can ya koyi gogen Turawa, na katako mai tsirkiya huɗu, wanda ake maƙalewa a haɓa. Ranar da ya zo da shi gida, uban ko akwatin bai yarda an buɗe ba. A wurinsa goge ƙoƙo ne da fatar guza, abin da ya wuce haka wasan baƙi ne. Ɗan ya koma jiki a sanyaye, shi kuma tsohon ya riƙa faɗa wa mutane cewa kiɗan gidansu a kansa zai ƙare. Yana faɗa yana dariya, amma abin na cin ransa.

Ana nan sai ciwo ya shanye masa hannun dama, goge ya koma rataye a bango. Da kaka ta yi, masunta suka tashi bikin kamun kifi, kuma bisa al'ada ba sa shiga ruwa sai an kaɗa musu takensu. Tsohon na kwance da hantsi, yana jin hayaniyarsu a ƙofar gida, ya juya fuska bango don kunya. Can sai ya ji taken ya tashi, daidai yadda mahaifinsa ke jan sa, har da 'yar karyawar nan ta ƙarshe da bai taɓa jin wani ya iya ba. Ya duba bango, ga gogensa nan ba wanda ya taɓa. Ya sa aka tallabo shi zuwa zaure. Ɗansa ne, wanda ya zo dubiya, tsaye da gogen katako a haɓa, masunta na ɗaga homa suna kirari. Da suka wuce, ɗan ya ja wani kiɗan Larabawa mai sanyi, ya biyo da na faretin soja, duk a kan abu ɗaya. Tsohon ya miƙa hannun hagu ya karɓi bakan, ya shafa, ya sunsuna ƙaron da ke jiki. Sannan ya ce, "Ashe na Turawan ma izgar doki ce. Zauna, akwai taken maƙera da ban koya maka ba."

Shi ya sa Hausawa ke cewa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.